Daga Kaset zuwa Faifai: Sharhi a kan Juyin Hotunan Bukukuwa a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe suna kukan ƙarancin abin dogaro. Maroƙi ya yi roƙonsa a ƙofar gida ya tafi, zabiya ta yi waƙarta a tsakar gida ta watse tare da taro, ba abin da zai rage sai ɗan abin da kunne ya riƙe. To, amma akwai wata taska da ba mu cika waiwayarta ba, wato kaset-kaset na bidiyo waɗanda aka ɗauka a wuraren aure da suna da naɗin sarauta da saukar karatu, tun daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa farkon shekarun 2000. Waɗanda suka ɗauke su ba don nazari suka yi ba, don tunawa suka yi. Duk da haka a cikinsu akwai kirari da roƙo da guɗa da waƙoƙin mata da karin harshen Katsinanci, kamar yadda suka fito daga bakin masu su.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi sharhi a kan aikin da aka yi wa waɗannan kaset-kaset sa'ad da aka juye su a faifan bidiyo, musamman a garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina. Mun dogara ne ga faya-fayan da muka samu kallo a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki, wasunsu tare da kaset ɗinsu na asali. Abin da muke son tabbatarwa guda ɗaya ne: faifan da aka juyo daga kaset wani matani ne dabam, wanda hannun mai juyi ya rage ya kuma ƙara, saboda haka bai cancanci ya gaje gurbin kaset ba, balle ya zama dalilin jefar da shi.

Mun zaɓi kalmar "juyi" da gangan. Ita ce kalmar da malaman zaure suke amfani da ita idan almajiri ya kwafi littafi daga wani littafi, kuma za mu auna mai juyin faifai da ma'aunin da aka saba auna mai juyin littafi da shi.

2.0 Zuwan Kaset da Abin da Ya Ƙunsa

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da Betamax a shekarar 1975, kamfanin JVC kuma ya fitar da VHS a 1976, kuma VHS ɗin ne ya ci kasuwa a Nijeriya. A 1983 aka fara sayar da kyamarar da ta haɗa ido da gidan kaset a jiki ɗaya, wadda mutum guda zai saɓa a kafaɗa. Daga baya ƙananan kaset suka biyo, kamar Video8 a 1985, da Hi8 a 1989, da MiniDV a 1995. Wannan kyamara ta kafaɗa ita ce ta haifar da sana'ar mai ɗaukar bidiyo a garuruwanmu, ita ce kuma ta buɗe ƙofar fina-finan Hausa na kaset, waɗanda ake fara lissafinsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990.

Zamanin kaset ya zo daidai da wani muhimmin lokaci a tarihin wannan yanki. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983. An ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, ma'aikata da yawa suka dawo gida, bukukuwa da naɗe-naɗe suka ƙaru. Manyan mawaƙa suna raye suna zaga ƙasa: Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya rasu a 1999, Barmani Coge ta Funtuwa ta rasu a 2013. Ƙarƙashin waɗannan kuwa akwai ɗimbin ƙananan makaɗa da maroƙa da zabiyoyi na unguwa da ƙauye waɗanda ba gidan rediyon da ya taɓa naɗar muryarsu. Irin waɗannan, in har muryarsu ta rage a duniya, to, a kaset ɗin bikin wani take.

Bayan murya akwai gani. Kaset ɗin tawagar Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma, ko ta Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, a ranar hawa, yana nuna kayan doki da naɗin rawani da tsarin jerin gwano. Kaset ɗin aure yana nuna jere da kwalla da tasoshi da irin atamfar da ake yayi. Har ma bangon da ke bayan mutane abin nazari ne, domin fuskar Dutsin-Ma ta sauya ƙwarai tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, soraye da zauruka da yawa sun koma shaguna da ɗakunan haya.

3.0 Abin da Faifai Yake Iya Ɗauka

Kafin mu zo ga hannun mai juyi, ya kamata mu dubi mazubin da aka juye a ciki. Faifan da ya fara yaɗuwa a nan shi ne VCD, wanda aka tsara ƙa'idarsa a 1993. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, bisa tsarin PAL da ake amfani da shi a Nijeriya. Shi kuwa hoton kaset layuka 576 ne a tsaye, yana kuma zuwa ne rabi-rabi sau 50 a daƙiƙa guda. Ma'ana, idan aka juye kaset a VCD, rabin layukan hoton ya tafi, santsin motsi ma ya ragu, kuma ba hanyar dawo da su daga faifan.

Daɗin daɗawa, na'urar da ke matse hoto don ya shiga faifai tana yin arowa ne: inda hoto ke tsaye sai ta maimaita abin da ta riga ta ajiye, inda motsi ya yi yawa sai ta kasa, hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. To, ina motsi ya fi yawa a hotunanmu? A wurin sukuwar dawaki cikin ƙura, da filin dambe da kokawa, da rawar 'yanmata, da hannun makaɗi a kan kalangu. Wato ke nan wuraren da mai nazari ya fi bukatar gani, su ne faifan ya fi ɓatawa. Mun kalli faifan hawa wanda mahayi yana tsaye ana iya ƙidaya adon sirdinsa, amma da ya saki linzami sai doki da ƙura suka zama abu ɗaya.

Sai batun tsawo. Kaset ɗin da aka fi ɗauka da shi, mai lamba E-180, awa 3 ne cur, wato minti 180. Faifan VCD kuwa ba ya wuce minti 80. Kaset guda yana bukatar faifai 3 ke nan kafin ya shiga duka, alhali kuɗin aiki bisa yawan faifai ake biya. Ba sai an faɗa ba, mai biki da mai shago duk sun fi son a ƙare a faifai ɗaya ko biyu. DVD, wanda ya fito a 1996, ya gyara wannan matsala ƙwarai, domin hotonsa ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, yana kuma ɗaukar kimanin awa 2 da kyau. Sai dai na'urorin juyi suna da zaɓin cusa awa 4 ko 6 a faifai guda, kuma duk sa'ad da aka bi wannan hanya, aibin VCD ne yake dawowa a cikin sabuwar riga.

4.0 Hannun Mai Juyi

Aibin mazubi ƙarami ne idan aka kwatanta shi da abin da hannu ya yi da gangan. Mun lura da abubuwa huɗu.

Na farko shi ne yanka. Tun da dole a rage, mai juyi yakan zaɓi abin da yake ganin shi ne biki: ɗaurin aure, da fitowar amarya, da zaman ango da abokansa, da liƙin kuɗi. Abin da yake zubarwa shi ne abin da ya ɗauka zaman banza ne, wato sa'ad da kyamara ke yawo a tsakar gida mata na daka suna waƙa, ko maroƙi ya tsaya yana jero asalin gida tun daga kakan kaka, ko tsofaffi suna barkwanci da jikoki. A wani faifan aure na ƙasar Kurfi da muka gwada da kaset ɗinsa, roƙon da maroƙi ya daɗe yana yi, yana kiran sunayen magabata da garuruwan da suka fito, an bar farkonsa kawai aka tsallaka zuwa rabon goro. Wanda ya san yadda marigayi Yusufu Bala Usman ya haɗa bayanan baka da rubuce-rubuce wajen gina littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya san darajar irin wannan jerin sunaye.

Na biyu shi ne ɗora kiɗa. Wannan shi ne mafi muni a ganinmu. Sau da yawa akan shafe sautin wurin gaba ɗaya, a ɗora waƙar fim ɗin Hausa ko ta Indiya wadda ake yayi a shekarar da aka yi juyin. Sai ka ga zabiya ta buɗe baki, mata suna amshi suna tafi, amma abin da ke fitowa fiyano ne. Ban da asarar waƙar asali, wannan yana haifar da ruɗani a tarihi, domin wanda zai kalla nan gaba zai ga bikin farkon shekarun 1990 yana tafe da waƙar da ba a rera ba sai bayan shekara goma ko fiye, ya zaci tare suka zo. Hoto ba sauti a bikin Bahaushe kamar ganga ce ba fata.

Na uku shi ne rufe kwanan wata. Kyamarori da yawa sukan buga rana da wata da shekara a kusurwar hoto. Wannan ɗan rubutu shi ne ramzin kaset. Kamar yadda marubutan waƙoƙin ajami suke saka ramzi a ƙarshen waƙa don a san shekarar da aka yi ta, haka wannan lamba take gaya mana ranar da aka yi abin. Amma mun ga faya-fayan da aka liƙa tambarin shago da lambar waya daidai a kan wannan kusurwa tun daga farko har ƙarshe. Gaskiya ne ba kullum agogon kyamara yake daidai ba, amma ko ramzi mai kuskure ya fi babu, don ana iya gwada shi da wata shaida.

Na huɗu shi ne ƙawa. Akwai furanni masu juyawa, da zukata masu tashi, da hoton amarya a cikin kofi ko a kan gajimare, da gidajen ƙasashen waje da ake sakawa a farkon faifai. Ba mu ce adon laifi ne ba, shi ma wata shaida ce ta ɗanɗanon zamaninsa, kuma ya cancanci nazari na kansa. Laifinsa shi ne an zuba shi a kan asali, ba a ware shi gefe ba.

A nan ne ma'aunin mai juyin littafi zai yi mana amfani. Almajirin da ya juyi littafi ba ya zubar da babi don takarda ta ƙare masa, ba ya kuma cusa baitinsa a tsakiyar waƙar malaminsa. In yana da abin cewa, a gefen shafi yake rubutawa. In ya gama, yakan rubuta tammat, sau da yawa ya faɗi sunansa da sunan mai littafin, ya nemi addu'a. Da wannan ladabi ne littattafan malaman Katsina irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani suka iso gare mu bayan ɗaruruwan shekaru. Mai juyin faifai ya gaji aikin, amma ba wanda ya koya masa ladabin.

5.0 Ƙarkon Faifai

Babbar hujjar da aka kafa wajen juyi ita ce kaset yana lalacewa, faifai kuwa ba ya tsufa. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Zaren kaset yana shan laimar damina, fumfuna ta kama shi, ƙurar hunturu ta shiga ta goge shi, zafin bazara ya sa ya manne. Rabi na biyu kuwa ba haka yake ba. Faifan da ake bugawa a shago ya bambanta da wanda ake bugawa a masana'anta. Na shago wani rini ne siriri a cikinsa wanda haske yake ƙonawa ya bar alama, kuma rana da zafi suna dusar da wannan rini. A faifan CD, rubutun yana dab da saman da ake rubuta suna a kai, har tsinin biro yana iya huda shi.

Akwai kuma bambanci a yadda kowannensu yake mutuwa. Kaset a hankali yake tsufa: launi ya koɗe, hoto ya yi rawa, amma ana gani ana ji, in wani wuri ya tsinke a yanke a liƙa a ci gaba. Faifai kuwa farat ɗaya yake tafiya. Jadawalin da ke gaya wa na'ura inda komai yake yana can kusa da ramin tsakiya, in nan ya karce, na'ura sai ta ce ba ta ga faifai ba, ko da sauran jikinsa lafiya lau yake.

Yanzu kuma shi kansa faifan zamaninsa ya ja baya, waya da katin ajiya sun karɓe kasuwa. Abin da ake yi a yau shi ne juyi na biyu, daga faifai zuwa waya, sa'an nan a aika ta WhatsApp, wanda shi ma yake ƙara matse hoton. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan Kano, ya yi bayanin yadda kwafi a kan kwafi ya sa dusasshen hoto da gurɓataccen sauti suka zama abin da ido da kunne suka saba da shi. Wannan sabo shi ne ya sa iyalai da yawa ba su ga asarar da aka yi musu ba.

6.0 Uzurin Masu Juyi da Batun Sirri

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da ke gefen masu wannan sana'a. Da yawa daga cikinsu matasa ne da suka koya da ka, suna aiki da tsohuwar na'ura da janareta, kuma abin da mai biki ya nema suka yi masa. Mai biki ne yake cewa a cire surutu a sa waƙa mai daɗi. Haka kuma akwai gidajen da kaset ɗinsu ya riga ya ruɓe, faifan nan mai aibi shi kaɗai ya rage musu na fuskar mahaifi ko muryar kaka. Da babu gara ba daɗi. Sukarmu tana kan al'adar da ta ɗauki juyi aikin kanikanci kawai, mu malamai kuma muna da kaso a ciki, tun da ba mu shiga maganar da wuri ba.

Akwai kuma wani yanka da yake da dalili mai ƙarfi. Kyamara ta shiga cikin gida wurin kamu da sa lalle da wankan amarya, inda mata suke sake jiki don sun san kaset ɗin a akwatin uwargida zai zauna. Kaset yana da wuyar kwafa, amma abin da ya shiga kwamfutar shago yana iya bazuwa gari cikin yini guda. Maigidan da ya ce a cire wannan sashe yana da gaskiyarsa. Sai dai maganin wannan shi ne a yi kwafi biyu, cikakke na gida da taƙaitacce na baƙi, a kuma goge abin da ya rage a kwamfutar shago a gaban mai shi. Abin lura shi ne, sashen da ya fi bukatar sirri shi ne kuma ya fi ƙunsar adabin mata, wanda dama shi ne mafi ƙarancin adanawa. Saboda haka akwai bukatar mata su shiga wannan aiki, ɗalibai da malamai.

7.0 Shawarwari

Lokaci ya ƙure. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon VHS, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa wajen shekarar 2025 kunna kaset zai zama abu mai wuya saboda ƙarewar na'urori da kayan gyaransu. A yankinmu kuma akwai ƙarin dalili, domin matsalar 'yan bindiga ta tayar da iyalai daga ƙauyuka da dama na Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, kuma mai gudun tsira ba ya tsayawa ɗaukar kaset. Muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) Kada a jefar da kaset don an juye shi. A mayar da zarensa farko, a karya ɗan haƙorinsa don a hana ɗaukar wani abu a kansa, a jingine shi tsaye a wuri mai sanyi marar laima. Wanda fumfuna ta kama kada a sa shi a na'ura sai an share shi.

(b) Duk inda kaset ya rage, a koma gare shi a sake juyi, kada a juyo daga faifai. A juye shi duka tun daga farko har ƙarshe, da sautinsa na asali, ba tambari ba ado. In ana son na ƙawa, a yi shi dabam.

(c) A ajiye cikakken juyin a wuri fiye da ɗaya. Ajiyar intanet tana da amfani, amma ba a dogara da ita kaɗai ba. Mazauna garuruwan nan biyu ba su manta da shekarar 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da nasu, saboda tsaro.

(d) A farfaɗo da ladabin tammat. Kowane juyi ya zo da takarda mai faɗin bikin wane ne, a wane gari, wace shekara, su wa suka yi kiɗa da roƙo, wa ya ɗauka, wa ya juya. A zauna da tsofaffin gida a kalla tare su faɗi sunayen fuskoki tun suna da rai.

(e) Sassan Hausa na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su duba yiwuwar tanadar ɗaki guda mai na'urori masu aiki, inda iyali za su kawo kaset a juya musu, su kuma bar kwafi in sun yarda, bisa sharaɗin da suka gindaya. Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, kaset ɗin auren iyayensa ya ishe shi: ya rubuta roƙon da waƙoƙin, ya yi musu sharhi.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun nuna cewa juyin kaset zuwa faifai ya rage hoto ta fuskar na'ura, ya rage matani ta fuskar yanka da ɗora kiɗa, sa'an nan mazubin da aka juye a ciki bai kai kaset haƙuri ba. Mai nazarin da ya ɗauki faifai ya kafa hujja da shi, wajibi ne ya fara tambayar abin da aka cire da abin da aka ƙara, kamar yadda yake yi wa kowane kwafin littafi. Iyalin da suke da kaset a ƙasan akwati kuwa, su sani abin da ke hannunsu shi ne uwa, faifai ɗa ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Muna fata mahalarta wannan taro, kowa in ya koma gida, zai tambayi inda kaset ɗin gidansu yake kafin damina mai zuwa.